Gajere da Dogo a Jakar Shitu Masinja

Shitu Masinja mutumin Tarai ne, amma Tarai ba ta more shi ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kai da komo tsakanin Rano da Kibiya, jakar fata rataye a kafaɗa, har manoman bakin hanya suka daina duban rana in suna son sanin lokaci, sai dai su tambayi juna ko Shitu ya wuce. Wani kamfanin Turawa mai sayen gyaɗa yake yi wa aiki, wanda ke da ofis a Rano da sito a Kibiya, shi kuwa aikinsa ɗaukar takardu daga nan zuwa can. Shekara goma sha biyun farko da ƙafa ya yi su. Daga baya kamfani ya ba shi keke, baƙi, mai ƙararrawa, kuma tun daga ran nan ba a ƙara ganin ya iso gida ya sha ruwa kafin ya goge keken ba. Matarsa Luba takan ce da keken nan yana cin tuwo, da ƙanzo kawai za a riƙa bar mata.

Bai yi boko ba. Ya taɓa karatun allo gwargwadon hali, yana iya rubuta sunansa da ajami in an ba shi lokaci. Turanci kuwa kalma biyu rak ya sani, amma ya san su kamar yunwar cikinsa.

Kalmomin a jikin hatiman roba suke, guda biyu, a kan teburin Baturen kamfanin, wanda mutanen Rano suka raɗa wa suna Mai Lofe. Ɗaya an rubuta masa Urgent, da jar tawada ake buga shi. Ɗayan kuma Confidential, da shuɗiya. Shitu bai taɓa wahalar da harshensa wajen kiran su ba. Ya dubi tsawonsu a bayan ambulan ya sa musu Gajere da Dogo, kuma bai tambayi kowa ma'anarsu ba, don a ganinsa ba a tambayar halin mutumin da ake tafiya tare da shi. Zuba ido ake yi.

Dogo ya fara ganewa, don shi bai da wuyar sha'ani. Akawun ofis, Malam Habu, mutum ne mai tsoron kuskure. Teburinsa da tafiretarsa a bakin taga suke saboda haske, kuma yana da wata al'ada da ya taso da ita: ba ya buga layi sai ya fara faɗa wa kansa shi da Hausa, ya tabbata ya fahimta. In takardar yau da kullum ce, a maƙoshi yake yi. In kuwa Mai Lofe ya ce wannan mai Dogo ce, sai Malam Habu ya gyara zama, ya ɗaga murya, ya maimaita kowane layi sau biyu, tunda babbar magana ba a yi mata riƙon sakainar kashi. A gindin tagar nan kuma Jummai take suyar ƙosai. Jummai taubashiyar Shitu ce, mace mai hannu da kyauta da baki da kyauta. Ba ta taɓa laɓewa ta saurari kowa ba. Tana zaune a inda ta saba, magana ce take saukowa ta same ta.

Saboda haka kafin Shitu ya gama ba tayarsa iska, abin da ke cikin jakarsa ya shiga kasuwa. Akwai ranar da ya kai takardar sauya wa wani mai awo wurin aiki zuwa Madachi, ambulan a liƙe da jan danƙo, ya tarar da mutumin ya riga ya ɗaure kaya, yana bin maƙwabta yana neman gafara.

Gajere ya fi ɗaukar lokaci. Mai kula da siton Kibiya, Malam Isyaku, dattijo ne mai girmama jar tawada. In Shitu ya miƙa masa ambulan mai Gajere, da hannu biyu yake karɓa. A fahimtarsa takarda irin wannan ba a buɗe ta a tsaye, ba a buɗe ta da yunwa, ba a kuma buɗe ta ana hayaniyar awo. Sai ya sa ta a wani akwatin katako da ke kusurwar sito, ya kulle, har ranar da hankali zai kwanta. Lokacin cinikin gyaɗa hankali ba ya kwanciya. In kaka ta wuce kuwa, maganar da ke ciki ta riga ta tsufa, buɗe ta sai tayar da zaune tsaye. Kuma babu abin da ya taɓa lalacewa, domin duk abin da ke da sauri na gaske, kamar ruwa ya shiga buhuna ko sikeli ya karye, Mai Lofe ba ya tsayawa neman hatimi. Da baki yake gaya wa Shitu, shi ma Shitu da baki yake isarwa.

Da shekaru suka taru, sai Shitu ya yanke hukunci. Dogo ma'anarsa a sanar da kowa. Gajere ma'anarsa a ajiye, kada a taɓa.

Wannan shi ne karatun da yake bayarwa da la'asar a gindin wata tsamiya da ke rabin hanya, inda yakan tsaya keke ya huta. Yakan ce Dogo mai shela ne, Gajere kuwa mai kunya ne kamar Bafillatanin da aka tambaya sunan ɗan farinsa. In aka tambaye shi wane ne babba a cikinsu, sai ya ce ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba, kamar jaki ne da allura, jaka ɗaya kawai ta haɗa su. Wata rana wani malamin firamare daga Rurum ya tsaya shan inuwa ya ji ana wannan bita. Cikin ladabi ya ce wa Shitu ba haka ba ne, Gajere gaggawa yake nufi, Dogo kuwa asiri. Shitu ya gode masa, ya ɓara goro ya ba shi rabi, sannan ya tambaye shi ambulan nawa ya taɓa ɗauka daga Rano zuwa Kibiya. Malamin ya ce ko ɗaya.

“To ka gani, Malam. Kai a littafi ka gan su, a kwance. Ni a bakin aiki na san su.”

Haka aka yi ta tafiya har shekarar da aka samu mulkin kai. Mai Lofe ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar kujerarsa da hatimansa biyu ga sabon manaja, Malam Zailani, wanda aka turo daga Kano. Mutumin kirki ne, mai alƙalami uku a aljihun gaba, sai dai ya zo da sauri, kamar wanda aka ce masa ƙasar ba za ta jira ba. Bai cika wata ba ya tsara doka: duk ma'aikacin da ke taɓa takarda dole ya san abin da aka buga a bayanta, wanda bai sani ba a sallame shi a ɗauki mai takardar makaranta. Ya sa ranar Litinin zai gwada kowa. Ya umarci Malam Habu ya buga dokar, kada kowa ya ji kafin ranar, ya kuma danna mata Dogo.

Ran Alhamis da hantsi Jummai ta tare Shitu da labarin, tana juya ƙosai a kasko. Ta ce ya fara koya wa ƙafafunsa tafiya tun yanzu, don sun manta. Ta ce in an karɓe keken ita za ta nemi a sayar mata da ƙararrawar, ta riƙa kiran masu saye. Shitu ya ce ko an ba ta keken kyauta ba za ta iya ɗaga ƙafa ta hau ba. Ya yi dariya yadda ake yi wa taubashi, amma ƙosan da ta ba shi a aljihu ya kai shi gida.

Luba ba ta ga abin damuwa ba. Ta tuna masa ai malamin nan na Rurum ya riga ya ba shi amsar tun shekara nawa, kyauta, har shi ya ƙara masa da goro.

“Malam, kalma biyu ce fa. Ka ce gaggawa, ka ce asiri, ka hau kekenka ka dawo gida.”

Ya ce ai ƙarya ce. Ta ce ƙaryar da ke cikin littafi ba shi za a tambaya ba ranar lahira, wanda ya rubuta za a tambaya. Kwana uku tana sa shi bita. Tana daka tana cewa Gajere, shi yana zaune a kan tabarma yana amsawa da gaggawa, fuska a yamutse kamar mai shan maɗaci. Ran Lahadi ya iya sarai, har in ta juya ta fara da Dogo ba ya ruɗewa. Ya yi mata alkawari.

Ran Litinin aka kira shi ciki. Ya jingine keken inda zai riƙa hango shi ta ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Malam Zailani ya ce ya tashi ya zauna a benci, yanzu an daina wannan. Ya ɗauko hatiman ya ajiye a gabansa, ya buga kowanne a farar takarda, ya nuna jan ya ce, “Baba Shitu, wannan me yake cewa?”

Amsar Luba tana kan harshensa. Sai idonsa ya sauka a kan hatiman, mariƙinsu ya yi sulɓi don tsufa. Shekara ashirin da biyu ke nan suna tafiya tare, rani da damina, bai taɓa kama ɗayansu da saɓa halinsa ba. Ya ji ba zai iya yi musu ƙazafi a gaban idonsu ba.

“Ranka ya daɗe, amsa biyu ce. Akwai ta littafi, akwai ta hanya. Wacce za a kawo?”

Manaja ya ce kalma ma'ana ɗaya gare ta, ya faɗi wadda ya sani gaskiya ce. Shitu ya faɗa. Ya ce wannan a ajiye, wancan kuma a sanar da kowa. Tafiretar Malam Habu ta yi shiru. Malam Zailani ya danne dariya da tari, ya tambaye shi ko ba wanda ya taɓa gaya masa daidai. Shitu ya ce an gaya masa, gaggawa da asiri, har ya haddace.

“To me ya hana ka faɗa?”

“Ban taɓa ganin sun yi ba, ranka ya daɗe.”

Nan dariyar manaja ta tsaya. Wanda bai sani ba ana iya koya masa, in ji shi, amma wanda ya sani ya ƙi, wannan sai Allah. Ya ce doka doka ce, gobe za a rubuta takardar sallama. Tunda a Kibiya aka ɗauki Shitu aiki, sunansa a littafin can yake, Malam Isyaku ne zai soke shi ya kuma karɓi keken. Shitu ya ce Allah ya ba da sa'a, ya sa takalminsa ya fita. A gida Luba ta ajiye masa tuwo, ta koma gefe tana tsinke zogale da ƙarfin da zogale ba ya bukata.

Washegari da sassafe Malam Zailani ya rubuta takardar da hannunsa ya miƙa wa Malam Habu ya buga. Maganar ma'aikaci ce, saboda haka ya ce mai Dogo ce, a kula. Ya leƙa bayan ofis duba buhuna, bai fi rabin sa'a ba. Da ya dawo sai ya tarar da mutane a ƙofa. Akwai sarkin fawa, akwai direban motar da ke zuwa Kano, akwai wasu manoma biyu da suka shigo cin kasuwa. Kowa ya gaishe shi, kowa ya ce ya zo ne ba don komai ba sai don a dubi tsufan Shitu. Wata tsohuwa ta tambaya ko gaskiya ne har da famfon keken za a karɓa, kamar yadda aka sa a layi na uku.

Ran manaja ya ɓaci. Ya sa aka kira Shitu, ya tambaye shi yaushe ya fara buɗe takardun kamfani. Shitu sai ya dubi teburin Malam Habu. Takardar tana jikin tafireta, ba a ma gama ta ba. Sannan ya nuna taga da leɓe.

Malam Zailani ya fita ya zagaya. Jummai ta gan shi, ta jawo masa kujerar tsuguno ta kakkaɓe da gefen zane.

“Zauna, Manaja, ba ka makara ba. Yanzu zai maimaita.”

Bai zauna ba, amma ya tsaya. Ta saman kansa muryar Malam Habu ta sauko tar, yana gaya wa kansa cewa ranar ƙarshen wata mai ɗauke da wannan takarda zai miƙa jaka da keke. Ya faɗa, ya sake faɗa, sannan tafireta ta ɗauka. Masu jiran ƙosai suka gyaɗa kai, wani ya ce ai wannan layin ya fi na ɗazu tsari.

Da manaja ya koma ciki ya daɗe yana gyara alƙalumansa a aljihu. Can sai ya tuna tun zuwansa ya aika Kibiya da jar takarda har uku, ba amsar ko ɗaya. Ya tambayi Shitu ina suka shiga.

“Suna nan lafiya, ranka ya daɗe. Ko ƙuda bai sauka a kansu ba.”

Ya ba shi labarin akwatin Malam Isyaku, da hannu biyu, da kwanciyar hankalin da ake jira. Manaja ya tambaya guda nawa ne a ciki. Shitu ya ce bai ƙirga ba, amma na ƙasan tun lokacin da ake ɗibar soja zuwa yaƙin Bama suke.

Shitu yana kallon manaja ya gane halin da yake ciki. Magana zarar bunu ce. Sabon manaja ne, watansa ɗaya, ya kafa doka, ya yanke hukunci, kasuwar Rano kaf ta ji har sau biyu. In ya janye yau, gobe ko mai gadi ba zai ji maganarsa ba. In bai janye ba, ya kori mutumin da ya fi shi sanin ofishinsa. Malam Habu ya zare takardar ya kawo, manaja ya sa hannu, ya naɗe, ya sa a ambulan, ya buga Dogo, duk a hankali kamar mai jiran wani ya riƙe masa hannu.

Shitu ya matso, ya rage murya yadda ba za ta kai taga ba.

“Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake roƙo. Tunda dai za ta tafi, a ƙara mata Gajere.”

Malam Zailani ya ɗago ya dube shi. Ya san abin da ake roƙonsa, Shitu ma ya san ya sani. A littafi, babu wanda zai zargi manajan da ya ce a gaggauta aikinsa. Ya jawo jar tawada, ya danna hatimin sosai, ya buga. Ya duba ya ga kamar bai fito da kyau ba, ya ƙara na biyu a gefe.

“A kai ta yau, Baba Shitu. Kada ta kwana.”

Ba ta kwana ba. Shitu bai taɓa jinkirta takarda ba, ba kuwa zai fara da tasa ba. Ko a tsamiya bai tsaya ba. Ya isa Kibiya kafin azahar, ya tarar labari ya riga shi a motar kasuwa, Malam Isyaku har ya fara yi masa jaje. Shitu ya buɗe jaka ya miƙa ambulan. Dattijon ya ga ja har biyu, ya goge tafukansa a riga, ya karɓa da hannu biyu. Ya ce abin da ya ji a bakin mutane jita-jita ce, shi da takarda yake aiki, takarda kuwa mai ja biyu bai taɓa ganin irinta ba, wannan sai an natsu ƙwarai. Ya ciro mabuɗi daga lalitarsa, ya ɗaga na saman ya sa ta a tsakiya inda ba za ta lanƙwashe ba, ya kulle.

Da yamma Luba ta jiyo ƙararrawa a ƙofar gida. Ta tambaye shi yaya aka ƙare, ya ce an kore shi, takarda ma shi ya kai. Ta dubi keken, ta dube shi. Ya ce ta miƙo masa tsumma.

Shekara tara ya ƙara yana wannan hanya. Malam Zailani ya gyara abubuwa da dama a ofis. Ya sa aka ɗauke teburin Malam Habu daga bakin taga aka kai ƙurya, sai dai Malam Habu da ya ga haske ya ragu ya ƙara murya don kada ya yi kuskure, Jummai ta ce yanzu ma ta fi ji. Saƙon da ke da sauri kuwa manaja ya koma bayarwa da baki. Dokar gwaji ba a soke ta ba, ba a kuma sake tayar da ita ba. Lokaci-lokaci, in sun haɗu a ƙofa da safe, yakan tambaya fuska ba walwala ko takardar nan ta isa. Shitu yakan ce ta isa, ranka ya daɗe, tana hannu. Manaja ya ce madalla, ya shige.

Gwiwa ce ta sallami Shitu daga baya, ba kamfani ba. Ya mayar da jaka da keke da famfo da kansa, ya koma Tarai yana kiwon awaki. Bayan shekara biyu Malam Isyaku shi ma ya ajiye aiki, wanda ya gaje shi ya sa aka fasa akwatin don mabuɗin ya ɓata. Gara ta shiga ta ƙasa tun ba a san yaushe ba, ta bi ambulan ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, daga na zamanin Bama har na jiya, ba ta bar komai ba sai ƙasa da guntayen danƙo.

Jummai ce ta yi tattaki har Tarai ta kai masa labari, don kada wani ya riga ta. Ta ce ga Gajerensa nan da yake cewa ba a taɓawa, an samu mai taɓawa. Shitu ya sosa wuyan wata akuya. Can ya ce kada a ga laifin gara, ita ba ta jin Turanci.